Jitar da Na Rarake

Da za a ba ni yini ɗaya daga rayuwata in gyara, ranar da na ɗora cizal a kan jitar ƙanena zan zaɓa. Ba da mugunta na yi ba, amma ɓarna ce, kuma hannuna ne ya yi ta.

Ni baduku ne, a Kasuwar Kurmi na gaji rumfa. Ban da jaka da kube, makaɗa suna kawo mini gurmi da garaya in sake musu fata. Abin da na taso na sani shi ne muryar abin kiɗa a cikinsa take. Sai da rami, sai da fata a ɗaure tamau, sannan tsirkiya ta yi magana.

Ƙanena bai bi sana'ar gida ba. Wasu masu kiɗan zamani yake bi a Sabon Gari, suna zuwa bukukuwa. Wata rana ya shigo rumfa da jita ta lantarki a cikin buhu. A gwanjo ya same ta, ƙirar Japan, irin mai arahar nan da ko sunan kamfaninta ba a sani ba. Jan fentinta ya koɗe, gefenta duk ƙwarzane. Mahaifinmu ba ya son ganinta a gida, don haka a rumfata ake ajiye ta.

Na taɓa tsirkiyar da yatsa, na ji wani ɗan sauti kamar kukan sauro. Na ƙwanƙwasa jikin, katako ne zalla.

"Wannan bebiyar ka sayo?" na ce masa.

"Yaya, sai an jona ta da lasifika take magana."

"Abin da sai an ara masa baki ai ba abin kiɗa ba ne. Ka kai wa Inna ta riƙa yanka albasa a kai."

Ya yi dariya ya ce in zo biki in ji ta. Ban taɓa zuwa ba.

Da mahaifinmu ya aike shi Nguru sayen fatu, sai na ce bari in yi masa alheri kafin ya dawo. Na aro cizal wurin wani kafinta maƙwabcinmu. Na kwance wasu guntayen ƙarfe masu tsatsa da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin, na miƙa wa ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa. Sannan na shiga rarake jikin. Katakon ya ba ni wuya, a bushe yake ƙwarai, har ya dakusar da bakin cizal. Kafintan ya leƙo ya ce, "Malam, itacen kirki ne fa wannan. Ka tabbata?" Na ce masa ni da abin kiɗa ba yau muka fara ba. Na rufe ramin da fatar akuya mafi kyau da nake da ita, na yi mata ado.

Ƙanena ya dawo, na miƙa masa ina murmushi. Ya juya ta, ya sake juyawa.

"Yaya, ina ƙarafunan?"

"Sun yi tsatsa, na ba ɗan gwangwan."

"Su ne bakinta," ya ce a hankali.

Bai ɗaga mini murya ba, ba a yi masa irin wannan tarbiyyar ba. Har ya ce fatar ta yi kyau. Abokan kiɗansa suka ɗauki wani mai jita, shi kuma ya koma tuƙin mota, daga baya ya yi gida a Ƙofar Mazugal. Muna gaisawa, muna haɗuwa a suna da jana'iza, amma ya daina zama a rumfata.

Jitar ta ci gaba da zama a rataye a bango, ita ta koya mini abin da na ƙi ji. Damina ta wuce ta kanta, zafin bazara ya wuce, shekara da shekaru, wuyanta bai karkace ko kaɗan ba. Maɗauran tsirkiyarta har yau suna juyawa. Samari suna kawo mini sababbi masu ƙyalli in ɗinka musu maratayi, wata tun ba ta shekara ba wuyan ya lanƙwashe. Aikin hannu na sani, don haka ina faɗa ba tare da shakka ba: waɗanda suka ƙera tsofaffin nan sun yi su ne don talaka, amma ba su ha'ince shi ba. Wani mai gyaran rediyo ne ya fahimtar da ni cewa ƙarafunan da na zubar maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar waya, su ke ɗaukar motsin tsirkiya su kai wa lasifika.

Daga nan na bar saƙo wurin 'yan gwangwan na Jakara, duk wanda ya ga irinta ya kawo mini. An daɗe shiru. Sai bara wani ya zo da guda, koriya, wuyanta a karye, amma jiki da ƙarafuna lafiya lau. Wadda na rarake kuwa wuya ne kawai ya rage mata. Mai gyaran rediyo ya kwance wuyan jar ya ɗaura wa koriyar, ya zauna daidai kamar tare aka yi su.

Na ari lasifika, na ɗauki jitar na tafi Ƙofar Mazugal da hantsi. Ƙanena yana zaure, gemunsa ya fi nawa fari. Ya karɓa, ya shafa wuyan da tafin hannu.

"Yaya, na san wannan wuyan."

"Naka ne."

"Wannan karon ba ka rufa mata fata ba?"

"Maratayi kawai na ɗinka. Ka duba, ban taɓa komai ba."

Muka jona ta da lasifikar. Yatsunsa sun yi nauyi, sai da ya yi ta lalube. Can ya kama wani tsohon kiɗa. Muryar ta fito da kauri, da ɗan dishi-dishi mai daɗi, ta cika zauren. Ranar na fara jin abin da ya gayyace ni in ji tun muna samari.

"To, bebiya ce?" ya ce.

"A'a. Ni ne ban saurara ba. Ka yafe mini."

Ya ce ya wuce. Washegari ya zo rumfa, ya zauna a kan bencin da ya saba zama, ya aika aka kawo mana shayi.

Roƙona ga mai karatu shi ne, in tsohuwar jita irin wannan ta faɗo hannunka, kada koɗewar fenti ko rashin suna su sa ka raina ta. Kada ka cire mata ko ƙusa ɗaya kafin ka jona ta ka ji muryarta, kuma kafin ka tambayi mai ita.