Injiniya da Filayarsa

Ana ce masa Injiniya, amma ko ƙwan lantarki bai taɓa ɗaurawa daidai ba. Shekara talatin ya yi yana riƙe da makullin sito a wata ma'aikata, yana raba wa masu shara tsintsiya da bokiti. Wani dillalin intanet mai zaƙin baki ne ya kira shi haka sau ɗaya, shi kuwa ya rungume sunan, har ya hana jikokinsa ce masa Kaka.

Tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai auna saurin intanet. Da ya karya kumallo zai tsaya gaban akwatin intanet ɗin nan mai ƙananan fitilu, waya a hannu, yana kaɗa kai kamar likita a kan majinyaci, alhali abin da yake buɗewa bai wuce bidiyon barkwanci ba. Kamfani huɗu ya sauya cikin shekara uku, kowanne ya huda raminsa a bangon falo. Matarsa ta gaji da magana, ta cusa tsumma a ramukan saboda ƙadangaru.

Sallamar kamfani ita ce daɗin abin a wurinsa. Zai sa kayan fita, ya naɗe wayar tsohon kamfani, ya je ofishinsu ya dire wa yarinyar da ke karɓar baƙi, ya yi mata lacca, ya fito yana hura hanci. Ita dai hamma take yi.

Autarsa na karatun aikin jinya. Ranar Alhamis da ƙarfe goma za ta zauna jarrabawar ƙarshe ta kwamfuta, kyamara a kunne. Idan layi ya katse sau uku an fitar da ita, sai baɗi. Ranar Litinin ta gan shi da takardar tallar kamfani na biyar, gabanta ya faɗi.

"Baba, don Allah ka bari sai bayan Alhamis. Wannan ɗin yana aiki lafiya lau."

"Ke Auta, me kika sani? Wannan tafiyar hawainiya? Saboda ke ma zan sauya. Sun ce Laraba da safe za su zo."

"To ka bar tsohon sai sabon ya kama."

Ya yi dariya irin ta manya. Injiniya guda ya riƙe kamfani biyu kamar mai shakka? Talata da hantsi ya ɗauko filaya ya datse wayar daga bango, ya tafi yin laccarsa.

Laraba ta zo ta wuce. Ya kira dillalin sabon kamfanin, aka ce masa gobe tun da sassafe. Sai tara da rabi na Alhamis ma'aikata biyu suka iso da tsani. Babban ya ɗaga kai ya dubi falwaya, ya tambayi lambar gidan, ya ce wayarsu ba ta ƙetaro titin nan ba tukuna. A shekara uku na aune-aune, Injiniya bai taɓa tambayar kowa ko wayarsu ta iso titinsa ba.

Auta ba ta yi kuka ba. Ta jawo tebur bakin taga, ta haɗa kwamfutar da datar wayarta, a gidan da ko kira sai an fita tsakar gida. Uwarta ta riƙe wayar a sama don ta kama layi. Sau biyu hoton ya tsaya ya dawo. Tana kan tambaya ta sha tara ya tsaya na uku.

Injiniya na bakin ƙofa. Kunya ta kama shi, amma ba ta daɗe ba.

"Ai dama na sha faɗa, datar wayan nan..."

"Baba, matsa in wuce."

Bayan la'asar ya dawo da takardar wani kamfanin, ya tura ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin Auta. Ya zagaya, ya dawo, ya samu matarsa tana ninke kaya.

"Ta duba kuwa? Waɗannan fa sun fi kowa sauri."

Ba ta ɗago ba.

"Malam, ta haɗa jakarta tun azahar. Tana gidan yayarta, kuma ta ce a can za ta zauna har baɗin."