Farcen Mai Kiɗan Piyano

Shafi'i mai yankan farce yana tsugune a bakin layin dogo na Agege, riƙe da hannun wani baƙo da ya kasa gane sana'arsa. Mutumin siriri ne, kwat ɗinsa ta koɗe, Hausarsa ta mutanen Jos. Tafin hannunsa da laushi, amma yatsun da ƙarfi kamar na maƙeri.

"Malam, rage farcen sosai, amma kar ka taɓa nama," in ji baƙon. "Jibi zan kaɗa piyano a gaban jama'a. Tun bara nake maimaita kiɗan nan kullum, ni kaɗai a ɗaki."

"Biki ne, Oga?"

"A'a. Shiru za su zauna har in gama."

Kan Shafi'i ya ɗaure. Wane irin kiɗa ne ba rawa, ba kirari? Wace mata ke haƙuri da mijin da ya kulle kansa shekara guda? Da ya tuna ƙwarzane ɗaya zai rushe wahalar nan, sai almakashin ya fara rawa a hannunsa.

Baƙon ya dube shi. "Nawa ma haka yake yi kafin in fara. Ja numfashi, ka ci gaba."