Lemar Kawu Ɗanjuma

Duk wanda ya zauna a unguwar Wambai ya san lemar Kawu Ɗanjuma, amma ban san mutum ɗaya da zai rantse ya taɓa ganinta a buɗe ba. Baƙa ce, doguwa, mai mariƙin katako. Ruwa zai tsuge kamar da bakin ƙwarya, ka hango Kawu tafe sharkaf, ya cusa lemar cikin babbar riga don kada ta jiƙe. In an yi masa magana sai ya ce jiki da kansa yake bushewa, lema kuwa tsatsa take yi. Aikinta ɗaya ne, awo. Da ita yake auna buhun masara, da ita yake auna ragon layya, da ita ya auna filin da ya saya a Iku, har mai filin ya gaji ya koma gindin mangwaro ya zauna. Kuma komai ya auna, hukuncin ba ya canzawa: "Da saura." Ni Hauwa, 'yar ƙanwarsa, na yi shekara da shekaru ina kai masa tuwo, ban taɓa samun yabon da ya wuce wannan ba.

Wanda ya fi kowa shan awon nan shi ne Nura, autanmu. Tun rasuwar Babanmu Kawu ya ɗauke shi ɗa, yaron kuma ya yi ta miƙewa ba ji ba gani, har Kawu ya laƙaba masa Falwaya. Matsalar ita ce shi Kawu, Allah ya jiƙansa, ba a yi masa rabon tsawo ba. Da Nura ya fi ƙarfinsa sai ya ce ya kwanta a tabarma a auna shi. Inna ta fito daga ɗaki da salati, ta ce ba a gidanta za a auna mai rai a kwance ba. Tun daga ranar Kawu ya koma kifa turmi yana hawa. Ranar da awo ya kai lema biyu da taki ɗaya, ya sauko yana haki ya ce da saura.

Inna ta ce, "Yaya, saura me kuma? So kake ya fasa mini rufi?"

Tsawon nan ne ya kai Nura ƙwallon kwando, har wani kulob a Abuja ya ɗauke shi da albashi. Ɗan gaba yake bugawa, cikin waɗanda ke kutsawa gindin kwando suna kokawar ƙwallo. Nan take Kawu ya naɗa kansa masanin wasan. To, ku kun san bai taɓa biyan kuɗin gidan kallo ba. Ta taga yake leƙe, tagar kuma rabin talabijin kawai take nunawa. Wallahi Kawu ya daɗe bai san cewa kwanduna biyu ne ba. Kullum ƙorafinsa shi ne 'yan wasan nan ba su da natsuwa, ana cikin aiki sai su kwasa a guje su bar wurin. Ranar da muka kai shi Abuja ya ga filin gaba ɗaya, ya dubi wannan kwando, ya dubi wancan, ya girgiza kai ya ce almubazzaranci ne.

A hanyar dawowa, muna maƙale a cunkoson Zuba, ya yanke wa Nura hukunci a gaban fasinjoji. Ya ce tsawo dai kyauta ce, babu abin fahariya a ciki. Zuciya akwai, ba laifi. Sannan ya ƙwanƙwasa masa lema a kafaɗa ya ce, "Wannan hannun na hagu fa, wa ka ajiye wa? Ko na zuwa biki ne?"

Washegari ya sallami mai ruwan gidanmu. Ya ce duk ranar da Nura yake gida shi zai ja ruwa a rijiya, da hagu, hannun dama a aljihu. Shi kuma ya kafa kujera yana duba aiki. Muna ta gulmar cewa wannan horo ya yi daidai da aljihun Kawu fiye da kima. Da maƙwabta suka ji labari, su ma suka fara jero bokitansu, Kawu yana yi musu maraba kamar rijiyarsa ce da yaronsa. Nura ya yi ƙunƙuni har ya gaji, amma bai taɓa ajiye gugar ba.

Ƙarshen shekararsa ta biyu a kulob ɗin, ya dawo gida ya ƙi cin abinci. Nura ya ƙi abinci, ai kun san magana ta ɓaci. Na bi shi ɗaki na matsa masa, sai ya ce, "Yaya, I don tire wallahi. Na gaji. Koci ya ce za su yi dropping ɗina, su sallame ni. Kullum ina benci." Ya ce gara ya haƙura ya koma shagon waya na abokinsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san yaron nan ba shi da wani buri a duniya sai wasan nan, kuma na ga ya fara yarda cewa shi ba komai ba ne. Na je na faɗa wa Kawu. Goronsa kawai ya ci gaba da ci.

Da asuba ya bi motar ma'aikata zuwa Abuja, shi da lemarsa. Sauran labarin daga bakin kocin muka ji. Mutumin kudu ne, dogo, mai ladabi, yana ɗan taɓa Hausa. Ya ce yana isowa ya tarar da wani ɗan tsoho a bakin ƙofa, kafin su gaisa har ya dafa masa lema a ƙirji yana awo. Ya zaci roƙo aka zo yi, sai ya ji tsohon ya shiga lissafa laifin Nura. Yana da nawar komawa baya in an ƙwace ƙwallo. In an yi masa faɗa sai ya kumbura. Yana da ci. Hannun hagun ma bai gama nuna ba.

Kocin ya ce, "Baba, so you agree with me? In sallame shi ke nan?"

Kawu ya ce, "A'a. Wanda ya ƙure iyakarsa shi ake sallama. Wannan ni nake auna shi tun yana rarrafe, bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba."

Kocin ya yi dariya ya ba shi haƙuri. Washegari ya sake tarar da shi, jibi ma haka. Damina ce kuma, sai ya riƙa hango tsoho tsaye cikin ruwa da lema a cikin riga. Ya aika masa kujera, Kawu ya karɓa. Ya aika masa kuɗin mota, Kawu ya karɓa, ya kuma dawo da su washegari a matsayin kuɗin zuwa. Daga ƙarshe kocin ya sauko, ya ce ya ba Nura zuwa tsakiyar kakar wasa. Da ya zo mana gaisuwar rasuwar Kawu ya ce rabin dalilinsa tsoron kada tsoho ya kwanta ciwo a ƙofarsa ne. Ɗaya rabin kuwa, ya sa Nura ya yi jifa da hagu a gabansa, ya ga abin da bai sani ba.

Nura bai ba Kawu kunya ba. Ya bar benci, ya zama cikin waɗanda ake fara wasa da su, aka sabunta masa kwantiragi. Ranar da ya kawo albishir, Kawu ya riga ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Ba halin hawa turmi. Nura ya durƙusa a bakin gado, Kawu ya ce ya ba shi hannun hagu. Ya shafa kantar da igiyar guga ta bari a tafin, ya ce masa ya zauna da mutanen nan, kada wani ya ruɗe shi da kuɗi, don sun yi haƙuri da shi lokacin da bai cancanta ba. Sannan ya lumshe ido ya ce, "Da saura." Amma bai saki hannun ba har barci ya ɗauke shi.

Da Kawu ya cika, aka shiga neman karan da za a auna shi don masu haƙa kabari. Ina tsakar gida na ga Nura ya shiga ɗakin da lemar. Ya daɗe bai fito ba. Ashe ya auna, ya samu lema ɗaya da rabi da 'yan yatsu, ya sake aunawa, ya kuma sakewa. Ya fito idonsa jawur, ya dube ni ya ce, "Yaya, lemar nan ba ta iya awo ba. Kawu ya fi haka."

Ya fi haka kam. Allah, ga bawanka Ɗanjuma nan ya zo maka. Ya riƙe maraya, ya tsaya masa cikin ruwa. Ka yalwata masa kabarinsa fiye da abin da muka auna, Ka yafe masa kurakuransa, Ka cika masa ladansa har ya rasa inda zai ce da saura. Amin.