Malam Namadi, Mai Jiran Inji Ya Huce

Da an idar da sallar asuba, Malam Namadi yakan shimfiɗa buhu a gindin dalbejiyar ƙofar gidansa da ke Bukkuyum, ya jera sifanu da wata guntuwar reza. Nan ne garejinsa. Baburan da zai taɓa kuwa a zaurensa suke kwana, domin dokarsa ɗaya ce: ba ya saita tafet, wato ɗan ƙarfen da ke danna bawul, a inji mai zafi. Ƙarfe in ya ji wuta kumbura yake yi, in ji shi, duk awon da aka yi a lokacin ƙarya ne.

Yakan cire fulogi, ya juya inji a hankali har alamar T ta zo kan zanenta, ya duba ko sarƙar taimin ta tsallake haƙori. Sannan ya zura rezar tsakanin tafet da kan bawul, in ta wuce da ɗan ja sai ya ɗaure. Idan ya tayar, za ka ji wata siririyar ƙara, ƙas-ƙas. Mu 'yan kabu-kabu, da zama wuri ɗaya ke yi mana wuya, mun sha yi masa ƙorafi.

"Baba, a ƙara matse shi ya yi shiru mana."

"Kai in an toshe ma hanci, lumfashi kaka yi? Tahi can, ɗan gaggawa."

Shekarar da gubar dalma ta shiga Yargalma, wani saurayi, Jabiru, ya iso ƙofar gidan da rana tsaka yana tura babur. A bayansa ga yayarsa Barakatu goye da 'yarta Turai, wadda take ta suma tun safe. Asibitin Anka suka nufa. Jabiru ne ya matse tafet ɗinsa a gida har inji ya yi tsit, shi ya sa da ya ɗau zafi sai ya mutu.

"Don Allah Baba, ka taɓa shi yanzu. Yarinyar ga ba ta iya jira."

Malam Namadi ya ɗora bayan hannu a kan inji, ya janye.

"In na saita shi da zahi, tsakiyar daji za shi aje ku. Ba ni taɓa shi."

Barakatu ta fashe da kuka. Maƙwabta suka taru, wani ya ce wannan taurin kai ne, ƙarfe ya fi ran yarinya? Malam Namadi ya miƙe. Zaure ya shiga ya turo nasa babur, wanda ko ɗan cikinsa bai taɓa hawa ba. Bugu ɗaya ya tashi.

"Hau. Ka ji ƙarar ga? Kak ka kuskura ka matse min ita."

Babur bai tsaya ba sai ƙofar asibiti, aka karɓi Turai. Washegari da sanyin safiya Malam Namadi ya gyara na Jabiru.

Bana Malam Namadi ya ajiye sifana, ido ya daina ganin alamar T. Kai ne mai kunnen inji, Baba. Kai ne ka hana mu gaggawa, muna zumɓura baki, muka riƙa isa gida lafiya. Mun gode, Allah Ya ƙara lafiya. Makanikanmu matasa kuma, ku je ku zauna a gindin dalbejiyar nan tun yana iya nuna muku.

Kwanan baya Turai, wadda yanzu matar aure ce, ta zo gaishe shi a babur ɗin mijinta. Kafin su sauka Malam Namadi ya karkata kunne, bai ji ƙas-ƙas ba.

"Wa ya rufe ma injin ga baki? Ku shigar da shi zaure shi kwana."