Ranar Da Na Fitar Da Aji Uku Ta Taga

Ranar Laraba ce, gero ya fara fitar da kai a ƙauyenmu. Na share aji uku, na rubuta jimloli a allo, yara suka riƙa maimaitawa.

Da hantsi muka ji babura. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Sai harbi daga wajen kasuwa. Hedimasta ya fito tsakar makaranta yana ihu: "Ku fitar da su ta taga! Ku shiga gero!"

Na riƙa ɗaga yara ina dire su waje. Takalmina ya cire, ban waiwaye shi ba. A cikin gero muka kwanta rub da ciki. Wata yarinya ta fara kuka, na toshe mata baki da mayafina har ta cije ni. Azahar ta yi, ba a kira salla ba. Hayaƙi kawai muke gani.

Bayan la'asar harbi ya tsaya. Muka bi rafi har bakin titi. Wata motar itace ta kwashe mu zuwa cikin gari, iyaye suka riƙa zuwa suna ɗaukar nasu. A can na ji an binne Hedimasta.

Na taho Kano wurin yayana, mai gadi a wani gida a Nassarawa GRA. Ni da matarsa muke kwana a ɗakin baya.

Yanzu ina zuwa horon da ake ba malaman da za su koyar da 'ya'yan 'yan gudun hijira, a wani zaure kusa da layinmu. Mai horar da mu, wata Hajiya mai sanyin murya, ta ce kada mu buga tebur da bulala, kada mu banko ƙofa, yaron da ya zaɓi zama bakin ƙofa a ƙyale shi. Ina rubutawa. Idan babur ya wuce, biron kan tsaya da kansa. Na gaji, amma ina zuwa.

Yarinya ɗaya daga ajina, Nafisa, har yau ba a gan ta ba. Uwarta ta ji labarin horon nan, jiya ta ari waya ta kira ni.

"Malama, in an ba ki aji a Kanon nan, ki duba min fuskokinsu."

Na ce to.