Maɓallai Shida a Kilt ɗin Fachie Mai Wasiƙa

Ni na ɗinka wa Farquhar Matheson kilt ɗinsa, wato zanen ulu mai ninki da mazan ƙasarmu ke ɗaurawa a ƙugu, ni kuma na sa masa maɓallan nan shida da har yau ake gulma a kansu, saboda haka duk mai magana ya zo ya same ni, shagona bai tashi daga inda yake ba. Sunana Ishbel. Shekara arba'in da ɗaya ina kan kujera ɗaya ina ninke ulu da allura, kuma da wuya ka sami namijin da ya yi aure ko ya raka gawa a garin nan babu zarena a ƙugunsa.

Ba mai kiransa Farquhar sai limamin coci. Mu Fachie Mai Wasiƙa muka sani. Shekara talatin da takwas yana raba wasiƙu tun daga bakin teku har gidajen makiyaya da ke can ƙarshen kwari, da fari a kan keke, daga baya a jar mota. Ba wasiƙa kaɗai yake kaiwa ba. Maganin tsofaffi, yisti, zaren saƙa, labarin wadda ta haihu, duk a jakarsa suke tafiya. In ya hango gida babu hayaƙi a bututu da hantsi, sai ya tura ƙofa ya shiga ko ba shi da wasiƙar gidan, kuma ta haka aka tsinci tsofaffi biyu da sauran numfashi. Bai taɓa aure ba. Shi da ƙanwarsa Effie suke zaune a gidan iyayensu, kullum suna faɗa a kan wanda ya bar tukunyar shayi ta huce.

Busa kuwa Allah bai ba shi ba. Yana saurayi ya shiga ƙungiyar masu algaita ta gari, irin algaitarmu mai salkar iska, ya rungumi salkar ya hura wata uku, karnukan unguwa suka hana kowa sakat. Tsohon shugaban ƙungiya ya karɓe algaitar, ya danƙa masa sandar tuta, ya ce ga abin da ba ya ƙara. Tun yana ɗan shekara goma sha tara, duk watan Agusta ranar wasannin gari, Fachie ne a gaba da tuta, hannu biyu a sanda, masu busa da masu ganga na biye, daga ƙofar coci zuwa fili, rabin mil. In an isa sai ya zaro 'yar wuƙar da ke soke a safarsa ya yi tsaga ɗaya a gindin sandar. A shekarar da nake ba da labari tsaga arba'in da tara ce, kuma duk garin an san abin da yake jira.

Yanzu ga laifina, don ban ɗauko labarin nan in wanke kaina ba. Yadi takwas na ulu ke shiga kilt ɗaya, nauyi ne da shi, amma in an yanka shi daidai yana zama daram a saman cibiya, maɗauran fata biyu na gefe su riƙe shi, shi ke nan. Ni kuwa baki gare ni. Na sha faɗa da ƙarfi, a shago da bakin coci, cewa igiyar kafaɗa ta wando ce, wanda ya rataye kilt da ita tela ya zaga. Na taɓa korar wani baƙo da ya nemi in sa masa maɓallanta, na ce ya je ya sayi buhu ya ɗaura. An yi ta dariya, ni ma na ji daɗin kaina.

A hunturun shekarar aka kwantar da Fachie a asibiti a Inverness. Gari aka gaya wa tsakuwar ciki ce. Ranar wata Talata a watan Yuni, lokacin abincin rana da na juya allon ƙofa na rufe shago, sai ga shi ta ƙofar baya da kilt ɗinsa cikin rigar filo. Da ƙyar na gane shi, wuyan rigarsa kamar na aro. Ya sa na rantse tukuna ba zan gaya wa kowa ba, sannan ya ɗaga riga. An yanke masa hanji, an bar masa jakar roba mai tara bayan gida manne a gefen ciki na hagu, daidai inda maɗaurin fata ke bi. In ya ɗaure, maɗaurin ya danne wurin. In ya sassauta, kilt ya zame, don ƙashin ƙugun ma babu naman da zai tare.

Daga aljihu ya fito da igiyar kafaɗa ja, ta mahaifinsu, ta koɗe saboda tsufa. Ya ajiye ta a kan tebur ya tsaya yana kallon almakashi. Na ce masa ya zauna kafin ya faɗi ya fasa mini madubi. Na juya kilt ɗin, na kafa maɓallai shida ta ciki, huɗu a gaba, biyu a baya, na bi kowanne da zare mai kakin zuma sau goma sha biyu. Muka sassauta maɗauran zuwa hudar ƙarshe, ya ɗora falmaran a kai ta rufe igiyar ruf. Ya yi tafiya daga ƙofa zuwa taga ya dawo, ninkin baya na lilo yadda ya kamata, ko ni da na yi aikin ban ga alama ba.

“Ishbel,” ya ce, “yau dai kin haɗiye maganarki. Ba ta tsaya miki a wuya ba?”

Na ce ya ɓace mini da gani, kuma ya gaya wa Effie ta riƙa sa man shanu a kununsa.

Shugaban ƙungiya a lokacin Torquil ne, ɗan Hector mahauci. Ya yi 'yan shekaru yana busa a soja, ya dawo mana da gashin baki da tef ɗin awo a aljihu. Busa kam ya iya, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma mutum ne da zai durƙusa a gaban sa'an ubansa ya auna ko safarsa ta kai yatsu uku ƙasa da gwiwa. A shekarar aka ce alƙalai za su ba da kofi ga ƙungiyar da ta fi tsaftar shiga a cikin ƙungiyoyi biyar da za su zo, Torquil kuwa tun watan Mayu ba shi da zance sai kofin.

Ranar wasa aka tashi da zafin da ban taɓa gani ba a ƙasar nan. Mu da muka saba tsayawa da lema. Ƙarfe goma sha ɗaya kwalta ta fara kama takalmi, mai babbar ganga ya zauna a kan dakalin coci yana haki. Sai Torquil ya ba da umarni a tuɓe kwat da falmaran, a fita da farar riga kaɗai. Ba laifi ba ne, haka ake yi in rana ta yi yawa. Ina tsaye a bakin shinge, idona a kan Fachie.

Fachie ya matsa kusa da shi ya roƙa a bar masa falmaran, ya ce shi sanyi yake ji. Torquil ya ce mutum ashirin da biyu ne, kuma ido ɗaya alƙalai za su kalle su da shi, balle wanda ke gaba. Fachie ya jingine tuta a bango, ya ɓalle falmaran a hankali, maɓalli bayan maɓalli. Jar igiya ta fito a kan farar riga, ko daga tsallaken titi ana ganinta.

Aka fashe da dariya. Wani ya tambaye shi ko wandon ne ya manta a gida. Wani ya ce a kawo masa hular kwano ya cika shigar 'yan kashe gobara. Su wa ke dariyar? Mutanen da ya kai wa iyayensu magani cikin dusar ƙanƙara. Ina iya lissafa su ɗaya bayan ɗaya, kuma wasunsu har yau ba na amsa gaisuwarsu da kyau.

Torquil bai yi dariya ba, shi ransa ne ya ɓaci. “Baba, da wannan ba za ka wuce mini gaba ba. Ko ka cire, ko ka miƙa wa wani tutar.” Sai ya waiwayo ya nuna ni. “Ga Inna Ishbel nan. Da bakinta ta ce wanda ya yi haka tela ya zaga.”

Na ce ni na sa maɓallan da hannuna. Torquil ya tambaye ni dalili, kuma tambaya ce mai kyau, kowa na jiran amsa. Na dubi Fachie. Ya girgiza kai kaɗan, yadda ni kaɗai zan gani. Ni Ishbel, da ban taɓa rasa abin faɗa ba tun da na fara magana, na tsaya baki buɗe har Torquil ya duba agogo ya ce saura minti biyar.

Fachie ya zagaya bayan coci, ni da Effie muka bi shi. Kafin mu isa ya riga ya ɓalle igiyar. Ya zaro wuƙar safarsa, ya ɗora maɗaurin a kan dutsen wani kabari, ya huda sababbin huda biyu a kowane gefe. Effie na kuka tana zaginsa. Na riƙe masa hannu na ce ya sake ni daga rantsuwar nan, kalma uku kawai zan gaya wa Torquil a kunne.

“A kunnen Torquil, zuwa yamma a kunnen gari,” ya ce. “Shekara talatin da takwas ina shiga gidajen mutanen nan, Ishbel. Ba zan shiga ɗaki in ga ana buɗe taga don gudun wari ba.”

Ya ja numfashi, ya ja maɗaurin hagu har hudar da ya yi. Na ji ƙarar da ta fito daga maƙogwaronsa. Ya miƙo mini igiyar, na cusa a jakata.

Rabin mil ɗin nan na bi shi a gefen titi, ina ture mutane. Fuskarsa ta zama launin kyandir, gumi na ɗiga daga haɓa. Amma tuta ba ta karkata ba ko sau ɗaya, ƙafa ba ta saɓa wa ganga ba. Mutane na tafi, waɗanda suka yi dariyar ɗazu su suka fi kowa. Da aka isa fili ya ƙame a gaban alƙalai, ya sauke sandar, ya durƙusa a gwiwa ɗaya ya yi tsaga ta hamsin. Tashin ne ya gagara, sai da ya dafa sandar. Ya taka da ƙafarsa har motar Effie, kuma sai da ya zauna muka ga gefen rigarsa ya jiƙe ya yi duhu.

Kwana tara ya yi a asibiti. Likita ya gaya wa Effie ɗinkin ya ɓalle, amma dama can ciwon ya riga ya dawo, da tafiyar da babu tafiyar duk ɗaya ne. Na ji. Na yarda ma. Sai dai da an bar masa falmaran ɗinsa, da ya yi rabin mil ɗin nan yana jin busa, ya zauna a rumfa ya sha shayi da abokansa kamar kowace shekara. Wannan aka ƙwace masa, a kan igiya mai faɗin yatsu biyu.

Kofin kuwa mu muka ci. Alƙalai har suka rubuta cewa ba su taɓa ganin mai tuta da tsayuwa irin tasa ba. Jarida ta buga hoton Torquil rungume da kofi, aka ajiye shi a tagar shagon mahaifinsa tsakanin cinyoyin rago, ni kuwa wata shida ban sayi nama a wurin ba.

Fachie bai sake fitowa coci ba. Nakan je ranar Laraba da miyar sha'ir, ya sha cokali uku ya ce Effie ta fi ni iya gishiri, ita kuma ya gaya mata ni na fi ta. Ya rasu a watan Janairu.

Ni da Effie muka shirya shi. Na sa masa farar riga da kilt, na mayar da maɗauran hudar ƙarshe, sako-sako yadda jikinsa ke so. Na fito da jar igiyar daga jakata, inda take tun watan Agusta, na ɓalla ta a maɓallaina shida. Falmaran na ninke na ɗora a kan kujera. Aka bar akwatin gawa a buɗe a falo yadda aka saba, don kowa ya shigo ya dafa goshinsa.

'Yan ƙungiya sun zo da safe cikin cikakkiyar shiga. Effie ba ta yi wa kowa rantsuwa ba, saboda haka a bakin ƙofa ta tare su ta gaya musu komai, da hanjin, da jakar, da hudar da aka yi a kan kabari. Suka shigo ɗaya bayan ɗaya ba mai iya ɗaga ido. Torquil ne na ƙarshe, kunnuwansa jajur. Ya daɗe a tsaye yana kallon igiyar. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki falmaran daga kan kujera, ban sani ba ko kunya ce ta sa yake so ya rufe abin, ko hali ne kawai.

“Inna,” ya ce da ƙaramar murya, “ba a sa masa wannan ba.”

“Ajiye,” na ce. “Zafi ake yi.”

Waje dusar ƙanƙara ta kai gwiwa, murhun falon ma ba a kunna ba. Ya mayar da falmaran kan kujera.