Ganuwar da ke Cikin Hoton Yaya

Yaya ya iso Azare cikin bazara, da wani dogon bututun kwali a hammatarsa, yana riƙe da shi kamar jariri. A tasha ya same ni, don lokacin aikin acaɓa nake yi. Kafin acaɓa na yi facin taya, na yi kwandastan motar Gamawa, na yi tallan kananzir, na kuma ɗebi ƙasar gini a amalanken shanu a ƙauyenmu. Makaranta dai tun aji biyu na sakandare na ajiye ta, kuma Yaya bai taɓa yafe mini ba. Shi malami ne a jami'a, yana neman digiri na uku a kan garuruwan da suka shuɗe.

"Ajiye fasinja, mako guda zan ɗauke ka," in ji shi. Ko gajiya bai tambaye ni ba.

Ƙauyenmu yana gefen hanyar Katagum, can muka sauka gidan Inna. A tsakar gida ya zare abin da ke cikin bututun, ya shimfiɗa a tabarma, ya danne kusurwoyin da takalmansa. Hoto ne babba, duk ja-ja da toka-toka, ba mutum ba gida. Ya ce tauraron ɗan'adam ne ya ɗauka daga sama, kuma sai da ya shekara yana rubuta wasiƙu kafin a aiko masa. Ya nuna mini wani siririn layi mai lanƙwasa kamar lauje.

"Ganuwa ce. Tsohon gari ne da ba wanda ya taɓa rubuta shi."

Babban malaminsa, wanda zai sa masa hannu, bai yarda ba. Ya ce hoto ba hujja ba ne, amma zai zo da kansa ranar Asabar, in babu ganuwa a ƙasa to Yaya ya sake wani binciken daga farko. Shekara huɗu ke nan yana kan wannan.

Inna ba ta kiran sunan Yaya, ɗan fari ne, ko magana ma ta wajena take bi da ita. Ta leƙo hoton ta ce, "Ka tambaye shi, shi tauraron ya ga akuyata da ta ɓata?"

Yaya bai yi dariya ba.

Yadda yake aikinsa shi ne ya auna tazara a hoton da rula, ya yi lissafi, ya ɗora kamfas a tafin hannu, sannan ya hau bayana ya ce in bi can, idona a kan mitar babur. Can ɗin kuwa ba hanya. Jigawa ce, yashi har idon sawu, ga ƙaya. Babur ya nutse, in sauka in tura, shi yana tafe a baya da laima a kan hoton. A kan hoton fa, ba a kansa ba, balle ni.

Na ce, "Yaya, mu tambayi mutane mana. Ga Baffa can a gona, shekararsa saba'in a nan."

"Mutane labari za su ba ni. Ni abin da na'ura ta gani nake bi."

Rana ta biyu da hantsi mita ta cika adadin da ya ce. Ya bugi kafaɗata na tsaya. A bakin wani dogon kududdufi muke, busasshe, ya lanƙwasa ya bi gefen fadama. Yaya ya dubi hoto, ya dubi rami, ya sake duban hoto.

"Nan ya kamata a ce tudu ne. Rami nake gani."

Ni kuwa na san wurin fiye da tafin hannuna. Ƙasarmu yashi ce, in ka buga tubali da ita damina ɗaya ta narkar da shi. Wuri ɗaya ake samun jar ƙasa mai danƙo, wani dogon tudu da kowa ke kira tudu kawai. Shekarar da aka yi ruwan da ya zubar da gidaje, kowa nan ya nufa. Rani biyu na yi ina sara da diga, ina loda amalanke, sawu shida a yini. Mu tara ne masu amalanke, amma ni na fi kowa zafin nema, har tudun ya koma wannan ramin. Hoton Yaya an ɗauke shi kafin wannan, shi da kansa ya faɗa mini tsohon hoto ne.

Na buɗe baki zan yi magana, sai ya ce, "Mitar nan taka ƙarya take. Komai naka rabi-rabi ne, har babur."

Sai na rufe bakina. Na ce a raina, to je ka nemo.

Muka yi gaba kilomita biyu, muka dawo baya uku. Ya ce ƙarfen babur ne ke ruɗa kamfas, don haka in tsaya nesa da shi. Ya sa na auna gonar wani da taku, mai gonar ya fito da fartanya yana tambaya ko gwamnati ce za ta ƙwace. Na yi faci sau huɗu. Rana ta uku wani dogon shingen aduwa ya kusa rungumewa, ya ce wataƙila ita ce, sannan ya zauna a ƙasa ya ce ba ita ba ce. Leɓensa duk ya tsage. Haushinsa nake ji, ina kuma jin haushin kaina, ga Asabar saura kwana biyu.

Ranar Alhamis da la'asar muka dawo gida. Ya zauna ya jingina da bangon ɗakin da Inna ta sauke shi, ya ƙi fura. Yana zaune yana ƙwaƙular bango da farce, irin na wanda hankalinsa ba ya jikinsa, sai wani abu ya faɗo masa a cinya. Tsingaro ne, ɗan guntun tukunya mai zane kamar an danna igiya. Ya juya shi, ya miƙe, ya fara bin bangon da ido. Ga wani, ga wani, har da gawayi.

"Ina aka samo ƙasar ɗakin nan?"

Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. "Ka faɗa masa ƙaninsa ne ya gina mini, da ƙasar tudu. Lokacin wasu suna birni suna karatu, ruwa yana zuba a kaina."

Yaya ya juyo a hankali. "Wane tudu?"

Na ce, "Ramin jiya."

"Kai ka kwashe ta?"

"Ba ni kaɗai ba, mu tara ne."

"Ganuwar da ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye, ka sa mata diga? Ka san abin da ka yi kuwa?"

"Na san ɗaki na gina. Kai ma a ciki kake kwana."

"Kuma ka bar ni kwana biyu ina yawo a rana!"

"Ai ka ce mutane labari za su ba ka."

Ya ɗaga hannu kamar zai mare ni, sai ya tuna tsingaron yana ciki, ya sauke a hankali. Ya koma bangon yana ƙwaƙula da makulli. Inna ta ajiye rariya.

"Ka gaya masa in ya rushe mini ɗaki, tauraron ne zai zo ya gina wani."

Juma'a da sassafe na ce ya hau, kuma kada ya fito da kamfas. Na bi da shi ta hanyar amalanke har ƙarshen kududdufin, inda ya shige cikin sarƙaƙiya. A nan muka daina sara a wancan lokacin, saboda mun ci karo da ƙasusuwa, liman ya ce a bar wurin. Saura kamar taku sittin na tudun yana nan, ƙaya ta rufe shi. Inda digarmu ta tsaya ya zama gaɓa a miƙe, ta fi tsayina. Yaya ya durƙusa a gabanta. Ƙasar hawa-hawa take, ja, sannan toka, sannan ja kuma, tsingaro a jere a tsakani. Ya daɗe yana shafawa. Sannan ya ce in riƙe masa tef ɗin awo, kuma in daina karkata shi.

Babban malamin ya zo ranar Asabar a wata farar Fijo, wani dattijo mai raha. Ya bi ramin da ƙafa tun daga farko har sarƙaƙiya, hoton a hannunsa, ya ce lanƙwasar ta yi daidai. A gaban gaɓar ya tambaya wa ya yanka ta haka tsaf. Yaya ya ce, "Wasu ne 'yan ƙauye." Ina tsaye a nan da tef a hannu.

An sa masa hannu. Bayan shekara biyu ya aiko wa Inna littafin, baƙi mai kauri, ta sa shi a ƙarƙashin kwallayenta. Na sa wani malamin firamare ya karanta mini inda aka ambace ni. A shafin godiya an gode wa ƙaninsa da ya tuƙa shi. Can ciki kuma an ce masu ɗibar ƙasa da ba su san darajar tarihi ba sun lalata mafi yawan ganuwar. Malamin ya ce in nuna masa wanne ne ni a ciki, na ce ya rufe littafin ya ba ni, ina da fasinja.